RA'AYINMU: Ina Anna Take?

A watan Mayu na shekarar 1960, a birnin Cannes da ke bakin teku a kudancin Faransa, inda akan yi bikin nuna finafinai na duniya, an yi wani abu wanda har yau ba a daina maganarsa ba. Babban zaure ya cika maƙil da manyan mutane, aka kashe fitilu, aka sa wani sabon fim na ƙasar Italiya mai suna L'Avventura, wanda Michelangelo Antonioni ya shirya. Ba a yi nisa ba sai gunaguni ya tashi. Daga gunaguni aka koma dariya a wuraren da babu abin dariya, daga dariya kuma aka koma ihu da ature. A wani wuri inda aka nuna tauraruwar fim ɗin tana gudu cikin wani dogon lungu na otal, sai waɗansu suka riƙa ɗaga murya suna cewa a yanke, ya isa haka nan. Ita kuwa tauraruwar, Monica Vitti, tana zaune cikin zauren tana ji da kunnenta. Da hawaye ta fita daga wurin.

Kashegari sai labari ya sha bamban. Masu shirya finafinai da marubuta fiye da talatin, har da Roberto Rossellini wanda ake girmamawa ƙwarai a Italiya, suka sa hannu a wata takarda suna shaida cewa wannan fim babban aiki ne, kuma ba su yarda da wulaƙancin da aka yi masa ba. Da aka zo rabon kyaututtuka, babbar kyauta ta tafi ga La Dolce Vita na Federico Fellini, amma alƙalan bikin suka ba L'Avventura lambar yabo tasu ta musamman, tare da wani fim na ƙasar Japan. Bayan shekara biyu kacal, watau a 1962, sa'ad da mujallar Sight and Sound ta Ingila ta tambayi masu sharhi su zaɓi finafinan da suka fi kowanne tun da aka fara sinima, wannan fim da aka yi wa ature shi ne ya zo na biyu, yana bin Citizen Kane.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya kai mu tono gardamar da aka yi a ƙasar Turawa fiye da shekara sittin da suka wuce? Dalili shi ne, gardamar ba ta ƙare ba. Har wa yau idan aka tara mutum goma aka sa musu wannan fim, da wuya su tashi bakinsu ɗaya. Wani zai ce an ɓata masa lokaci, wani kuma zai kwana yana tunani. A ganinmu, dukan ɓangarorin biyu suna da gaskiyarsu, dukansu kuma suna da kuskurensu, kuma abin da ya raba su ya shafi kowane mutum mai iyali, mai aboki, mai alkawari a wuyansa. Amma kafin mu yanke hukunci, ya kamata mu fara ba da labarin.

Fim ɗin baƙi-da-fari ne, tsawonsa wajen awa biyu da minti ashirin da 'yan kai. Sunansa yana nufin kasada, ko da yake Italiyawa sukan yi amfani da kalmar ga 'yar soyayyar wucin gadi. Akwai wata budurwa mai suna Anna, 'yar wani tsohon ma'aikacin jakadanci a birnin Roma. Tana da saurayi, Sandro, wanda ya koyi zanen gine-gine amma ya watsar, ya koma yi wa attajirai ƙiyasin kuɗin gini domin nan ne kuɗi suke. Tana kuma da aminiya, Claudia, wadda ba 'yar masu hali ba ce. Su uku suka bi waɗansu abokai masu dukiya yawon shan iska cikin jirgin ruwa, zuwa ƙananan tsibirai da ke arewa da Sisili. Tun a hanya an ga Anna ba ta cikin walwala. Tana cikin iyo ta yi kururuwa wai ta ga babban kifi mai cin mutane, kowa ya firgita, daga baya ta raɗa wa Claudia cewa ƙarya ta yi.

Suka sauka a wani tsibiri mai suna Lisca Bianca, wanda babu kome a kansa sai duwatsu da iska. A nan Anna ta yi ƙoƙarin gaya wa Sandro abin da ke damunta, cewa tana tsoron rabuwa da shi amma kuma ba ta jinsa a ranta kamar dā. Shi kuwa ya mai da maganar wasa, ya kishingiɗa a kan dutse ya yi barci. Da aka tashi tafiya, aka nemi Anna aka rasa. Wannan ya faru tun fim bai wuce rabin awa ba. Aka bazu ana kira, aka leƙa kowane kogo, aka kawo 'yan sanda da masu nutso da jirgi mai saukar ungulu, mahaifinta ma ya zo. Ba ita, ba gawarta, ba labarinta.

Daga nan Sandro da Claudia suka shiga garuruwan Sisili suna bin jita-jita. Aka yi wa waɗansu 'yan fasa-ƙwauri tambayoyi, aka je wurin wani ɗan jarida, aka je wurin wani mai kantin magani da ya ce ya ga wata mai kama da ita. Amma tun kafin su bar tsibirin Sandro ya riga ya sumbaci Claudia. Da fari ta guje shi, ta roƙe shi ya rabu da ita, daga baya ta sallama. A garin Noto, a saman wata majami'a inda igiyoyin ƙararrawa suke, har ya yi mata maganar aure. Sannu a hankali neman Anna ya zama hujjar tafiya kawai. A ƙarshe suka sauka a wani babban otal a Taormina inda ake shagali. Claudia ta kwanta don gajiya, Sandro ya sauka wurin biki bai dawo ba. Da asuba ta fita nemansa, ta same shi a kan doguwar kujera rungume da wata mace mai zaman kanta. Ta fita da gudu, ya biyo ta, ya zauna a kan benci yana kuka. Ta tsaya a bayansa, ta ɗaga hannu ta fasa, sa'an nan ta ɗora hannun a kansa. Nan fim ya ƙare. Ba a sake ganin Anna ba, ba a kuwa faɗi abin da ya same ta ba.

To, mu fara da masu ihu, gama ba mu yarda a mai da su jahilai ba. Tsakanin mai ba da labari da mai sauraro akwai alkawari. Ko yaro ƙarami ya san cewa idan kaka ta buɗe tatsuniya, ba za ta tashi ba sai ta kai ƙurunƙus. In ta ce Gizo ya shiga rami, dole ta faɗi yadda ya fito ko yadda ya ƙare a ciki. Mutanen da ke zaune a Cannes sun biya bashinsu na saurare. An nuna musu yarinya, an sa sun damu da ita, an ɓatar da ita, sa'an nan aka riƙe su kusan awa biyu ba a ba su amsa ba. A wannan shekara ta 1960 Alfred Hitchcock ya fitar da Psycho a Amurka, inda shi ma ya kawar da tauraruwarsa tun fim bai kai rabi ba. Amma shi ya nuna wanda ya kashe ta, ya kuma kawo likita a ƙarshe ya bayyana dalili. 'Yan kallo suka tsorata, amma suka koma gida ba su bin kowa bashi.

Kuma ba talakawan 'yan kallo kaɗai suka ƙosa ba. Bosley Crowther, babban mai sharhi na jaridar New York Times, ya kwatanta kallon fim ɗin da ƙoƙarin bin labarin da waɗansu sassansa suka ɓata a hanya. Orson Welles, wanda fim ɗinsa ne ya zo na ɗaya a waccan ƙuri'a ta 1962, ya yi ƙorafi cewa Antonioni yakan bar kyamara a kan mutum yana tafiya a hanya har ya ɓace, ya kuma ci gaba da nuna hanyar bayan mutumin ya tafi. Ingmar Bergman na ƙasar Suwidin, wanda shi kansa ba a san shi da finafinan gaggawa ba, ya yabi biyu kawai daga cikin ayyukan Antonioni, kuma wannan ba ya cikinsu. Saboda haka duk wanda ya kalla ya yi hamma, kada ya ji kunya. Yana da abokan ra'ayi cikin manyan masu sana'ar.

Abin da Welles ya faɗa kuwa gaskiya ne, haka fim ɗin yake. A yawancin finafinai, da zarar mutum ya gama magana ko ya rufe ƙofa, sai a yanke a koma wani wuri, domin kada ɗan kallo ya sami zarafin gajiya. Antonioni ya ƙi yin haka. Yakan bar mu da mutum bayan magana ta ƙare, yana tsaye bai san abin da zai yi da hannuwansa ba. Yakan ajiye mutane ƙanana a gefen hoto, dutse ko bango ko teku ya cinye sauran wurin. Akwai inda Sandro da Claudia suka tsaya a wani sabon ƙauye da aka gina, da gidaje da majami'a, amma babu ko mutum ɗaya a ciki. Suka kira, muryarsu ta dawo musu, suka shiga mota suka tafi. Ga mai jiran a gano Anna, wannan ɓata lokaci ne tsantsa.

Masu yabo kuma, me suka gani? Pauline Kael, mai sharhi a Amurka, ta zaɓe shi a matsayin fim ɗin da ya fi kowanne cikin waɗanda aka nuna a can a 1961. Martin Scorsese, bayan rasuwar Antonioni a 2007, ya rubuta cewa kallon wannan fim yana saurayi ya girgiza shi fiye da yawancin abin da ya taɓa gani a sinima. Shaidar da ta fi jan hankalinmu ita ce ta Roger Ebert na birnin Shikago. Ya amsa da kansa cewa sa'ad da ya fara ganinsa yana ɗan shekara goma sha takwas bai shige shi ba, sai da ya manyanta ya sake kallo ya gane abin da ke ciki, har ya sa shi cikin jerin manyan finafinai. Fim ɗin bai canja ba ko da minti ɗaya. Mutumin ne ya yi shekaru, ya ga yadda mutane suke.

Ga ra'ayinmu. Tambayar da masu ihu suka yi, watau ina Anna take, ita ce tambayar da ta dace. Kuskurensu shi ne sun jefa ta ga wanda bai kamata ba. Sun tuhumi mai shirya fim da manta Anna, alhali kuwa abin da yake nuna musu ke nan: saurayinta ya manta ta, aminiyarta ta manta ta, abokan tafiyarta sun koma gidajensu na alfarma suna tsegumi da raha kamar ba a yi kome ba. Fushin da ya tashi a zauren Cannes fushi ne mai kyau, irin wanda ya kamata ya tashi a zuciyar Sandro amma bai tashi ba. 'Yan kallo sun fi mutanen cikin fim ɗin riƙon amana, sai dai ba su lura cewa wannan ne aka so su ji ba.

Akwai kuma wani abu mai ɗaci fiye da wannan. Duk mai gaskiya da ya zauna har ƙarshe zai shaida cewa, wajen lokacin da aka kai Noto, shi ma ya fara barin Anna. Hankalinsa ya koma kan ko Claudia za ta yarda da auren, ko Sandro zai riƙe ta da gaskiya. Idan aka ambaci sunan Anna sai ya ji kamar an tuna masa da tsohon bashi. Claudia ma ta faɗi haka da bakinta a Taormina, cewa 'yan kwanaki kaɗan da suka wuce tunanin mutuwar Anna yana neman kashe ta, amma yanzu ko kuka ba ta yi, tsoronta ma shi ne kada Anna ta dawo da rai. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Wannan fim yana jan ɗan kallo a hankali har ya hau tudun tare da su, sa'an nan ya bar shi ya duba ƙarƙashin ƙafarsa.

A nan ne muke ganin amfanin jinkirin da aka yi wa ihu. Cin amana irin wannan ba ya faruwa da tsalle ɗaya. Da Antonioni ya yanke daga ɓatan Anna kai tsaye zuwa Sandro da Claudia a ɗaki ɗaya, da kowa ya ce waɗannan miyagu ne, ya tofa musu yawu, ya koma gida yana jin kansa tsarkakakke. Amma ya nuna mana matakan ɗaya bayan ɗaya, kuma kowane mataki ƙarami ne. Claudia ta sa rigar da Anna ta ba ta. Su biyu suka kwana a bukka ɗaya a tsibirin saboda ruwan sama, da wani abokin tafiya tare da su. Ya biyo ta cikin jirgin ƙasa, ta kore shi. Ta koma wurinsa domin, a cewarta, a ci gaba da nema. A Noto, da ya shiga wani masauki tambayar Anna, ita ta tsaya a waje, tsoro ya kama ta kada Anna ta fito ta gan su, ta ruga cikin kantin fenti ta ɓuya don kunya. Lamirinta bai mutu ba, sai dai kullum muryarsa tana raguwa. Wanda ya taɓa ganin yadda zumunci yake lalacewa, ko yadda aure yake sanyi, ya san cewa haka abin yake tafiya, da kaɗan da kaɗan, a ranakun da ake cewa ba abin da ya faru.

Mu lura kuma da mahaifin Anna. Da aka buɗe jakarta aka sami littattafai biyu, wani littafin labari na marubucin Amurka Scott Fitzgerald, da Littafi Mai Tsarki. Nan da nan tsohon ya kama na biyun, ya ce wannan alama ce mai kyau, gama mai karanta shi ba zai kashe kansa ba. Ɗayan littafin ko kallo bai ishe shi ba. Ba mu ce ba ya ƙaunar 'yarsa ba. Amma a wannan lokaci kwanciyar ransa da sunan gidansa yake nema, bai tsaya ya tambayi abin da ya sa yarinya mai gata haka take cikin baƙin ciki ba. Samun littafi a jakar mutum ba ya gaya mana abin da ke cikin zuciyarsa. Gaskiyar magana ita ce Anna ta ɓata tun kafin ta hau tsibirin. Ta yi magana da mahaifinta bai ji ta ba, ta yi wa saurayinta magana ya yi barci, har ta kai ga ƙirƙiro kifi mai cin mutane domin a juyo a dube ta. Ranar da aka fara kiran sunanta da ƙarfi, ranar ce ba ta nan.

Duk da haka, ba a kan kome muka yarda da Antonioni ba. A bayanin da ya bayar a Cannes, ya ce kimiyya tana ta ci gaba ba tsoro, amma mutane suna ɗauke da tsofaffin ƙa'idodin ɗabi'a waɗanda suka tsufa suka zama musu kaya, ya kuma ce ƙauna tsakanin mace da namiji ta kamu da ciwo a zamaninsa. Lokacin kuwa Italiya tana cikin bunƙasar arziki mai sauri bayan Yaƙin Duniya na Biyu, masana'antu suna tashi, sababbin attajirai suna fitowa. Mun yarda da shi cewa akwai ciwo, ya kuma nuna alamunsa da gwaninta. Inda muka rabu shi ne wajen sanadin ciwon. Mun duba fim ɗin daga fari har ƙarshe, ba mu ga inda riƙon alkawari ya cuci kowa ba. Sandro ba tsohuwar ƙa'ida ce ta danne shi ba. Mutum ne da ya sayar da baiwarsa saboda kuɗi, ya san ya sayar, abin yana cinsa. A Noto ya ga wani saurayi yana zana wani ɓangare na tsohon gini da kyau, sai ya kaɗa kwalbar tawada da gangan ta zube a kan zanen. Daga nan ya koma masauki ya nemi huce haushinsa a jikin Claudia. Wanda ya ci amanar aikin hannunsa, cin amanar mace ba zai yi masa wuya ba. Fim ɗin ya fi bayanin mai shi faɗin gaskiya.

Hannun da Claudia ta ɗora a kan Sandro shi ma ya raba 'yan kallo. Waɗansu sun ce gafara ce, waɗansu sun ce tausayi ne kawai, waɗansu kuma sun ce sallamawa ce ta wadda ta ga ba ta da wurin zuwa. An tsara hoton ƙarshe da rabinsa bango ne, rabinsa kuma dutsen Etna mai aman wuta yana can nesa, kowa ya ɗauki rabin da ya ga dama. Mu dai abin da muka lura shi ne, Claudia ba ta da bakin yin fahariya, gama abin da aka yi mata da asuba shi ne abin da ita ta yi wa aminiyarta. Mai yiwuwa wannan ne ya sauko da hannunta. Amma hawaye dabam, tuba dabam. Sandro ya yi kuka, bai ce kome ba, bai kuwa yi alkawarin kome ba. Kuma a cikin wannan sulhu nasu, in ma sulhu ne, babu wanda ya ambaci sunan Anna. Mutum biyu sun yafe wa juna, ta ukun da aka fara cuta tana can ba mai nemanta. Wanda ya fita daga zauren yana jin cewa da sauran magana, ya ji daidai.

Yanzu sai mu ja kunnen masu yabo. Ba kowane abu mai jinkiri ne yake da zurfi ba. Bayan nasarar Antonioni, wanda ya bi wannan fim da La Notte a 1961 da L'Eclisse a 1962, masu kwaikwayo da yawa sun ɗauka cewa in ka bar kyamara a kan bango na minti biyu ka zama gwani. Akwai kuma 'yan kallo da suke yabon abin da ba su fahimta ba don kada a ce ba su waye ba, suna yi wa wanda ya ce ya gaji kallon ƙauyanci. Wannan girman kai ne, kuma munafunci ne. Ra'ayin masana ma ba dutse ba ne. Fim ɗin da ya zo na biyu a 1962 ya sauka zuwa na biyar a 1972, ya fita daga goman farko a 1992, a ƙuri'ar 2022 kuwa ba ya cikin hamsin na farko. Abincin wani gubar wani. Mutumin da ya yini yana aiki ya nemi abin da zai sa shi dariya da yamma bai yi laifi ba. Muna kuma tuna wa iyaye cewa wannan ba fim ɗin yara ba ne. Al'amuran manya ne a ciki.

Masu ihu kuma, laifinsu ba ƙin fim ɗin ba ne, gama kowa yana da ikon ƙin abin da bai gamshe shi ba. Laifinsu shi ne yanke hukunci tun shari'a ba ta ƙare ba, da hana na kusa da su ji. Mutanen da suka yi wannan aiki sun sha wuya ba kaɗan ba. Sun yi watanni suna ɗauka daga ƙarshen 1959 zuwa farkon 1960, kamfanin da ya fara ba da kuɗi ya karye, ma'aikata suka yi makonni ba albashi, guguwar teku ta tsare su a tsibiri har abinci ya yanke, Lea Massari wadda ta fito a matsayin Anna ta yi ciwo mai tsanani bayan iyo cikin ruwan sanyi. Wahala ba ta mai da mugun aiki ya zama mai kyau, wannan gaskiya ne. Amma ta isa ta sa a ba mutum awa biyu na shiru kafin a jefe shi. Wanda ya gaji, ƙofa a buɗe take, sai ya fita a hankali. Ihu cikin taro abu ne mai sauƙi, gama ba wanda zai ce kai ne ka fara, kuma sau da yawa rabin masu ihun ba su san abin da ya sa suke yi ba, sun dai ji na gaba ya fara.

Shawararmu ga masu karatu guda uku ce. Ta fari, in aka kawo maka abin da ba ka saba da shi ba, ko fim ne, ko littafi, ko maganar wani da ba ya iya faɗin damuwarsa kai tsaye, ka bari ya kai ƙarshe kafin ka yanke. Sannu ba ta hana zuwa. Ta biyu, in ka ji haushi, ka tambayi kanka wa ya kamata ka ji haushinsa. Wani lokaci wanda ya nuna maka ciwo ba shi ne ya kawo ciwon ba. Ta uku, in kai ne ka fahimta ɗan'uwanka bai fahimta ba, kada ka rena shi, gama mai yiwuwa kai ma sai a kallo na biyu ka gane, kamar yadda ya faru da Ebert.

Antonioni ya rasu ranar 30 ga Yuli 2007, rana ɗaya da Bergman wanda bai so fim ɗin ba. Monica Vitti, wadda ta fita da hawaye a daren nan, ta rasu a 2022 tana cikin manyan taurarin da Italiya take alfahari da su. Yawancin waɗanda suka yi ihu da waɗanda suka sa hannu a takarda duk sun wuce. Tambayar ce kaɗai ta rage, kuma ba a Sisili kaɗai ake yinta ba. Kusan kowane gida yana da wanda yake zaune tare da mu yana magana ba a jinsa, ko wanda ya yi nisa aka neme shi mako ɗaya da zafi, sa'an nan kowa ya koma harkarsa. Kafin mu yi wa Sandro ature, bari kowannenmu ya tuna sunan nasa, ya tashi ya neme shi tun yana samuwa. Allah ya ba mu kunnen ji da zuciyar riƙon amana, amin.